Ranar da Metir Hamadu Ya Goge "Ba" Biyu

Kwana uku ke nan Hadiza 'yar ƙanena da abokan karatunta suna cika mini shago da musu. Sun baje kwamfutocinsu a kan teburin da nake ajiye takardun mutane, wai suna rubuta tarihin unguwarmu ta New Bell da Hausa a wani shafin intanet da suke kira wiki, inda kowa ke iya ƙarawa ko gyarawa. A bayan kowane rubutu akwai wurin tattaunawa, inda mutum ke faɗin ra'ayinsa ya sa sunansa a ƙasa. A nan rigimar take. Hadiza ta ce a kulle, kada kowa ya iya taɓa maganar wani. Wani dogo mai tabarau da ake kira Bashir ya ce a bar shi a buɗe, ai gyara taimako ne. Da na sa baki sai suka kwashe da dariya. Bashir ya ce, "Baffa, ai naku aikin na da ba wuya. Mutum ya faɗa, ku buga a tafireta, shi ke nan."

To ku kife wayoyin nan ku saurara, tunda ba wuya.

Na koyi rubuta wa mutane wasiƙa a hannun Misiye Dikonge, wani tsohon akawu ɗan ƙasar nan, wanda ya bar aikin tashar jiragen ruwa ya kafa teburi kusa da gidan waya. Ya ɗauke ni ne don ina jin Hausa da Fulatanci, ga ɗan Faransancin makaranta. Tafiretarsa ta kai nauyin tunkiya. Harafin "e" yakan maƙale, sai ka sa farce ka dawo da shi. In zaren tawada ya bushe, ɗigon kananzir muke sa masa ya farfaɗo. Muna da takardar kabon don kwafi, da reza don kankare kuskure, da kwalin tawadar dangwala yatsa. Kuma da yake injin na Faransawa ne, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. In ka gama bugawa sai ka bi da biro kana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ka manta guda ɗaya, mutumin da ya ce yana da baƙi sai ya koma yana da baki. Wata shida na yi ban taɓa injin nan ba. Aikina in saurari mai magana, in maimaita masa abin da ya ce har ya gyaɗa kai.

Wasiƙar farko da na buga ni kaɗai ta Inna Ladi mai ƙosai ce. Ɗanta Musa yana Garwa, ya shekara huɗu bai leƙo ta ba, ga ƙafa ta fara damunta. Ta zauna a kan benci ta ce, "Rubuta. Musa, kai marar kunya ne. In ba ka zo kafin azumi ba, kada ka zo jana'izata." Ni kuwa na ga wannan magana ta yi kaushi. Na buga cewa, "Ɗana Musa, ina kewarka ƙwarai. In ka samu sarari ka leƙo ni." Da na zo karanta mata, sai na maimaita nata kalmomin daga ka. Ta dangwala yatsa ta tafi, ni kuma ina jin na yi aikin lada.

Bayan mako uku amsa ta zo. Musa yana gaisuwa, yana murna da jin tana lafiya, in Allah ya so zai duba bayan babbar salla. Inna Ladi ta ce, "Wannan ba amsar maganata ba ce." Misiye Dikonge ya miƙo hannu ya ce in ba shi kwafin, in kuma karanta shi a gabanta yadda yake a rubuce, in fassara masa. Ban kai layi na biyu ba ta zaro cokalin ƙosai daga cikin kwanonta ta sauke mini a ƙeya.

Ta ce, "Kai ka haifa mini shi? Ni na san da wace murya yake ji!"

Na sake bugawa yadda ta faɗa, har da marar kunyar. Kwana tara Musa ya sauka a jirgin ƙasa. Da yamma Misiye ya ce mini, "Sule, in harafi ya karkace ka gyara, don wannan ake zuwa wurinka. Amma abin da matar nan ta ce, nata ne. In kana ganin ta yi kuskure, faɗa mata a fuskarta, ka bar ta ta zaɓa."

Daga baya na buɗe wannan shagon a unguwar Hausawa. Direbobin manyan motoci daga garejin Bassa suna zuwa in rubuta musu wasiƙar gida. Samari suna zuwa in buga musu takardar neman aiki a ofisoshin Bonapriso, kowa yana so in rubuta ya iya abin da bai iya ba. Fataken da suka zo daga Kano da Sakkwato ba su jin Faransanci, ni ne bakinsu a takarda. Wani zai zauna ya yi rabin sa'a yana gaisuwa, ya miƙe zai tafi, sannan ya tuna bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Sai shekarar rufe gari ta zo. Ku ba a haife ku ba. Rikicin siyasa ne ya yi zafi, aka ce daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba shago, sai Asabar da Lahadi mutane su fito su nemi abinci. Akwai samari masu zagayawa suna duba wanda ya buɗe, kuma wanda suka kama ya buɗe ba ya jin daɗi. Wasiƙa ta daina tafiya, ofisoshi sun daina ɗaukar ma'aikata. Tafiretata ta yi ƙura har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin haruffa. Amma mutane ba su daina zuwa ƙofata ba, don sun saba nan ake jin labari. Kowa tambaya: hanya a buɗe take? Wa zai tafi arewa? Yaushe za a yi jana'izar wane? Da na gaji da maimaitawa, sai na samo wani faffaɗan katako na shafe shi da baƙin fenti, na kafa a bangon waje, na rataya gwangwanin alli a gefensa. Na ce duk mai labari ya rubuta.

Allon nan ya yi aiki fiye da yadda na zata. Ana rubutu da boko, da ajami, da Faransanci, wani ma da Turancin kasuwa. In wani ya rubuta za a yi jana'iza ƙarfe biyu, ɗan'uwan mamacin ya zo ya ga kuskure ne, sai ya goge da yatsa ya mayar ƙarfe huɗu. Ba mai neman izinin kowa. Saboda ruwan saman garin nan yakan wanke allon ba sallama, sai na riƙa kwafe duk abin da ke kai a wani littafi kullum kafin azahar. A hankali mutane suka fara rubuta ra'ayinsu ma, kowa da sunansa a ƙasa. Wannan ya ce a bi yajin rufe garin, wancan ya ce yunwa za ta kashe mu, wani ya ce mu baƙi ne kada mu shiga faɗan masu gari.

Babban mai gyara a allon shi ne Metir Hamadu, Bafillacen Marwa, tsohon malamin firamare. Dogo ne siriri, kullum da lema a hannu ko ana rana. Mutumin kirki, amma in ya ga kuskuren rubutu jikinsa har rawa yake yi. Yakan zo bayan azahar, ya lashi yatsa, ya bi allon layi-layi yana raba kalmomin da aka haɗe, yana sa ƙugiyar da aka manta. Ba wanda ya damu. Wasu ma daɗi suke ji, don washegari sai ka ga rubutunka ya yi kyau kamar ka yi makaranta.

Wata Lahadi da safe Garba Mahauci ya zo. Rumfarsa tana nan ƙofa huɗu daga shagona. An fara raɗe-raɗin wai yana sayar da nama ta bayan gida a ranakun yaji, shi kuwa yana so ya wanke kansa. Ya kama alli kamar yadda yake kama wuƙa, ya rubuta da manyan haruffa: "Bazan budeba ranar Litinin. Garba Mahauci." Na kwafe a littafina kamar yadda yake, na shiga ciki.

Bayan azahar Metir ya iso. Ya ga "Bazan", ya ga "budeba", ransa ya ɓaci. Ya lashi yatsa ya goge "Ba" na farko don ya sake rubuta shi a ware. Ya goge "ba" na ƙarshe. Ya sa wa "d" ƙugiyarta. Yana ɗaga alli zai mayar da abin da ya goge, sai ga motar jandarmomi ta shawo kwana a guje. A lokacin nan in ka ga motar ba ka tsayawa tambaya. Kowa ya watse, ni na jawo ƙofa na rufe, Metir ya tattara babbar rigarsa ya faɗa lungu, allin ya faɗa kwata. Da ya kai gida ya sha ruwa, ya kwanta ya huta, maganar ta fita daga kansa. Abin da ya rage a allon shi ne: "zan buɗe ranar Litinin. Garba Mahauci." Rubutu mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya.

Bayan la'asar na ji ihu. Na fito na tarar da samarin yaji sun fi ashirin a rumfar Garba. Ɗaya daga cikinsu ya tashi cikin Hausawa, shi ya karanta musu allon. Sun kife teburin yankan nama sun karya ƙafafunsa. Garba yana zaune a ƙasa, baki jina-jina, haƙorinsa na gaba a tafin hannunsa, yana rantsuwa da duk harshen da ya iya. Shugabansu, wani ƙato mai jan ƙyalle a ka da suke kira Janar, yana riƙe da kwalbar fetur. Ku tuna gidajen layin nan duk na katako ne a lokacin, jingine da juna. In rumfar Garba ta kama, har shagona da gidajen da ke bayansa sai toka, da mata da tsofaffi a ciki.

Na koma da gudu na ɗauko littafin, na kutsa cikinsu. Na ce wa Janar da Faransanci, "Shugaba, duba nan. Ga abin da ya rubuta da safe. Cewa ya yi ba zai buɗe ba."

Ya kalli littafin ya ce, "Littafinka ne, biro naka ne. Ka rubuta abin da ka ga dama."

Na ce to ya zo ya ga allon. Ya biyo ni, kwalbar tana hannunsa, sauran suna biye. Na nuna masa wurare biyu da aka shafa da yatsa, farin alli ya yi dabbare-dabbare a kan baƙin fenti, ɗaya a farkon magana, ɗaya a tsakiya. Ya sunkuya ya duba. Ya ce, "To wa ya goge? In ba ka kawo shi ba, kai ne." Na san ko wane ne, don ba mai sa ƙugiya irin wannan a unguwar sai mutum ɗaya. Amma yaya zan miƙa tsoho ga masu fetur?

Sai muka ji an ce, "Ni ne." Metir Hamadu ne, ihun ya taso shi. Ya ratso taron da lemarsa, ya tsaya a gaban allon, ya gyara hula. Muryarsa ta aji ce. Ya ce da Faransancin da ko alƙali sai ya gyara zama, "Samari, laifin nawa ne, kuma zan bayyana muku yadda ya faru. A harshen Hausa, in za a kore magana, ana sa mata ba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kamar dai naku na Faransanci. Kai mai jan ƙyalle, a Faransanci da waɗanne kalmomi ake korewa?"

Janar ya buɗe baki, kafin ya ankara ya amsa.

Metir ya ce, "Madalla. Ka yi makaranta." Ya zaro alli daga gwangwani ya fara kawo misalai. Ba zan ci ba. Ba zan tafi ba. Ba za mu ƙona unguwa ba. Yana rubutawa yana sa su maimaita. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wani ya bi shi. Da ya kai misali na bakwai, Janar ya miƙa wa na kusa da shi kwalbar, ya ce, "Papa, ya isa, mun gane." Suka juya suka tafi. Ba wanda ya ce wa Garba sannu.

Garba ya taso yana tofar da jini, ya tsaya a gaban Metir. Ya ce, "Malam, wa ya aike ka?"

Metir ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Garba. Ka haɗe kalmomin ne."

Garba ya ce, "Da na haɗe su, haƙorana ma a haɗe suke!"

Washegari dattawa suka taru a zauren mai unguwa. Wasu suka ce a cire allon a hura wuta da shi. Direbobi suka ce a'a, da shi suke sanin hanya. Aka tsaya a kan a sa masa ragar waya da kwaɗo, mabuɗi a hannuna, duk mai magana ya faɗa mini in rubuta. Hadiza, wannan shi ne naki tsarin, kuma ni na fi kowa murna da shi, don na zama mai mabuɗi.

Mako biyu kwaɗon ya yi. Da farko ra'ayi ya ƙafe, don ba mai son tsayawa a bainar jama'a yana yi mini shifta a kan siyasa. Sannan wata Asabar da sassafe wani ya ce mini hanyar Yawunde lafiya lau, na rubuta, na kulle, na tafi Bonapriso inda wani lauya ya kira ni in buga masa takardu. Ban jima da tafiya ba Abbo direba ya dawo daga can, ya ga an tare hanya da gumagumai da tsofaffin tayoyi a wani wuri can bayan gari da ake kira PK 14, ba mota mai wucewa. Ya zo allon, ga ƙarya a rubuce, ga kwaɗo. Ya zura yatsa ta ragar bai kai ba. Ya tsaya yana faɗa wa masu wucewa har ya gaji ya tafi cin abinci. A bayansa mata tara suka zo suka karanta, suka ɗauki kwanukansu suka hau mota za su bikin suna. A PK 14 aka sauke su, motar ta juya da wasu fasinjoji, su kuwa suka dawo da ƙafa, da kaya a ka, cikin ruwan sama. Ta taran ita ce Zulai, uwargidana. Da na dawo na tarar ta jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, gobe ko ka cire kwaɗon nan daga allo, ko in sa shi a ƙofar kicin."

Na cire. Muka sake zama, wannan karon da direbobi da Metir da Garba. Aka ja layi da farin fenti a tsakiyar allon. Ɓangaren dama na labari ne, hanya da rasuwa da tafiya: kowa na iya gyarawa, amma ba a gogewa, sai dai a ja layi a kan tsohon a rubuta sabon a samansa, kowa ya ga yadda yake da. Ɓangaren hagu na ra'ayi ne: duk abin da ke da sunan mutum a ƙasa ba mai taɓawa sai mai shi. In ba ka yarda ba, ko ka ga kuskure, ka rubuta naka a ƙarƙashi da sunanka. Abu ɗaya aka ware. In an zagi iyayen wani, ko an kira sunan mutum an ce ɗan leƙen asiri ne, duk wanda ya fara gani ya goge nan take, ya je ya shaida wa mai unguwa. Sau biyu hakan ta faru, kuma sau biyun ban yi da-na-sanin gogewar ba. Kada ku ɗauka komai ya daidaita. Akwai masu rubuta ra'ayinsu a ɓangaren labari don ya yi kama da gaskiya, akwai wanda ya sa sunan maƙwabcinsa a ƙarƙashin tasa maganar. Sai da ido a kai kullum. Bashir, buɗaɗɗen nan naka ma mun gwada, Garba ne ya biya da haƙori. Ku je ku zaɓa, amma duk wanda kuka zaɓa, sai wani ya zauna yana dubawa, kuma aikin ke nan da kuka ce ba wuya.

Garba bai yafe wa Metir da wuri ba. Metir ya kawo kafinta ya gyara teburin, ya je gidan Garba sau uku ba da haƙuri, Garba yana amsawa da "to" kawai. Ramuwarsa a allon ya yi ta. Kullum da safe sai ya zo ɓangaren hagu ya rubuta wani abu, ko da ba shi da abin faɗa, ya haɗe kalmomi biyar wuri ɗaya, ya juya harafi, ya sa sunansa da manyan baƙaƙe. Sannan ya koma rumfarsa ya zauna yana jira. Bayan azahar Metir zai zo ya tsaya a gaban rubutun, ya harɗe hannayensa a baya da lemar a tsakani, yana huci. Wani lokaci yatsan ya kai har bakinsa, ya tuna, ya mayar. Daga ƙarshe ya rubuta gyaran a ƙasa da ƙananan haruffa, ya sa sunansa. Garba daga nesa yana wasa wuƙa yana murmushi da giɓinsa. Wata huɗu suna haka, har gari ya fara buɗewa, motoci suka dawo, tafiretata ta sake ƙara.

A ƙarshen damina matar Garba ta haifi namiji bayan mata biyar. Ya zo da sassafe ya rubuta sanarwar suna, ya ja baya ya duba, ya goge, ya sake rubutawa. Har sau uku. Na ce ya kawo in taimaka, ya ce a'a. Ya zauna a kan bencina bai buɗe rumfa ba har azahar. Da Metir ya ɓullo, Garba ya miƙe ya tare shi, ya miƙa masa alli.

Ya ce, "Malam, dangin matata za su zo daga Ngawundare, akwai 'yan boko a cikinsu. Gyara mini wannan."

Metir ya kalli allin, ya kalli Garba. Ya ce, "A ƙasa zan rubuta, ko a kai?"

Garba ya ce, "A kai. Na yarda. Amma ina tsaye a nan." Ya sa hannu ya damƙe gefen babbar rigar Metir ya naɗe a yatsunsa. "Kuma ko jandarmomin ƙasar nan duka ne suka shawo kwana, ba inda za ka sai ka gama."